Doyar da Aka Ɗora wa Shekwonya a Ka

Lukmanu mai zane ya ci amanar maƙwabcinsa. Ya ari abu da rantsuwa, ya sa masa almakashi, sannan ya yi wa tsohuwar da ke kwance a kabari ƙarya a gaban jama'a don ya samu kwangila. Abin da ya lalata bai kai tafin hannu ba, guntun jarida ne mai tabon man gyaɗa, kuma akwai masu cewa ai wannan ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Masu faɗin haka su ne suka sa irin su Lukmanu suka yi yawa a ƙasar nan.

Abin ya faru a watannin da gwamnati ta kwashe kayanta daga Legas ta tare a Abuja. Kullum manyan motoci na shigowa da tebura da kujeru da tarin fayil. A bayansu 'yan kwangila, a bayan 'yan kwangila kuma masu jiran abin da zai faɗo daga bakin 'yan kwangila. A Masaka, bakin titin Keffi, akwai rumfunan masu zane guda biyu da langa-langa ɗaya ta raba. Ta hagu ta Enoch ce. Ta dama ta Lukmanu ce, wanda ya rubuta a allonsa da jan fenti cewa shi farfesa ne. Rashin zuwa makaranta ba laifi ba ne. Rubuta ƙarya a allo laifi ne.

Enoch ɗan ƙabilar Gbagyi ne, waɗanda Bahaushe ke kira Gwarawa. An haife shi a wani ƙauye a gindin duwatsun da manyan gidajen Maitama suka zauna a kai yanzu. Aikinsa allunan masu aski, bayan manyan motoci, da sunayen coci-coci da kantunan magani. Amma duk Masaka ba da wannan aka san shi ba, da littattafansa aka san shi.

Shekara goma sha huɗu yana tara hotunan jarida. Yana karɓar tsofaffin jaridu a wurin masu tsire da masu ƙosai kafin su naɗe kaya da su, da wurin masu ba fulawa ruwa a gidajen manya, waɗanda ke kwaso masa abin da iyayen gidansu suka karanta suka yar. Ya yanke hoto da reza, ya shafa kokon rogo, ya manna a takardar buhun siminti, ya ɗinke da zaren buhu. Kowane littafi da abin da ke cikinsa. Akwai na hannuwa zalla, don hannu ne ke ba mai zane wahala. Akwai na manyan riguna, akwai na kwat. Akwai na katafila tana ture bishiya. Wanda ya fi kowanne kauri shi ne wanda yake kira littafin masu nuni. Manyan mutane ne tsaye a daji, kowanne ya miƙa yatsa yana nuna inda babu komai, na kusa da shi riƙe da taswira suna kallon yatsar. Tun ranar da aka ce nan za a gina birni, babu babban da ya zo ya koma bai nuna daji ba.

A shafin ƙarshe na wannan littafi uwarsa take. Wani babba ne da hular kwano yana nuni, a bayan gwiwar hannunsa kuma ga mace za ta wuce da ƙwaryar doya a kafaɗa. Ta juyo ta kalli mai hoto da fuskar wadda aka tare wa hanya. Shekwonya ke nan. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto da niyya ba, kuma ta rasu shekara ɗaya bayan an tashe su an kai su wajen Sheda. Bayan rasuwarta da shekara biyu Enoch ya sayi gyaɗa a tashar Suleja, ya buɗe ƙunshin, ya ga uwarsa tana kallonsa. Saman takardar a yage yake, babu sunan jarida, babu kwanan wata, saboda haka babu inda zai je ya nemo wani. Duk duniya wannan ne hotonta.

A farkon shekarar yayarsa Rosemary ta zo daga Sheda da saƙon dangi. Da Ista za a yi addu'ar cika shekara goma da rasuwar tsohuwar, kuma an ce ya zana ta babba a kafa a coci.

"Ka zana masu aski ɗari, ka zana zaki yana cin barewa a bayan tirela," in ji ta, "uwarka ka bar ta a bayan hannun wani ƙato. Yarana sai sun runtse ido suke ganin kakarsu."

"Yaya, tsoro nake ji kada in ɓata ta."

"To ka ɓata ta mu gani. In bai yi kama ba ni zan fara gaya maka."

Ya yi alkawari. Ya sayi yadi, ya shafa masa farin fenti, ya jingine ya bushe.

Shi kuwa Lukmanu, kasuwarsa ta buɗe da zuwan gwamnati. Sana'arsa ɗora kan mutum a jikin wani. Ma'aikacin da ya zo daga Legas yana son a zana shi da babbar riga don a ce ya san Arewa. Na Arewa yana son kwat don a ce ya san Legas. Sai mutum ya kawo ɗan hoton fasfo, Lukmanu ya leƙa rumfar Enoch ya ari littafi, ya zaɓi jikin wani minista da aka manta da shi, ya ɗora kan a kai. Hannunsa na da kyau wajen kwaikwayo, wannan ba a hana shi ba. Abu ɗaya ya gagare shi, haƙora. Duk wanda ya zana yana dariya sai ya fito kamar rago a kasuwar layya.

Wata Talata ya leƙo da fara'a.

"Maƙwabci, ara mini littafin masu nuni zuwa Juma'a."

"Ɗauki na hannuwa mana, akwai yatsu iri-iri."

"A'a, wani darakta ne yake son a zana shi yana nuna daji. Ya ce duk abokansa suna da irinsa a ofis, shi kaɗai aka bari, saboda lokacin da ake nunin yana Legas."

Enoch ya yi dariya har da buga cinya. Ya jawo littafin, sannan ya tsaya. "Bari in cire shafin ƙarshe."

"Haba Malam Enoch! Za ka farke ɗinki saboda kwana uku? Uwarka ai uwata ce. Wallahi tallahi ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Enoch ya ba shi. Babu wani darakta.

Gaskiyar ita ce akwai wani ɗan kwangila, Cif Albert, wanda ya biyo gwamnati daga Legas ya gina gida mai hawa biyu a Maitama. Ya samu takardar izinin fasa wani dutse a bayan ƙauyen da aka zaunar da su Enoch, amma gonakin mutane sun kewaye dutsen, kuma an ba shi shawara ya fara sanyaya zuciyar dattawa kafin ya kai injuna. Sai ya shirya bikin buɗe gida, ya gayyaci mai unguwar, Yamusa, da mutanensa. Ya ce kuma yana son ƙaton zane a falo, mace 'yar asalin ƙasar tana maraba da gwamnati, kuma lallai ɗan asalin ƙasar ne zai zana, don a faɗa a jawabi. Lukmanu ya ji wannan a bakin wani direba. Washegari ya je Maitama ya ce sunansa Luka, shi Gbagyi ne gaba da baya, kuma yana da hoton kakarsa.

A garejin Cif ya yi aikin, don kada Enoch ya gani. Ya yanke Shekwonya daga jaridar, ya ja mata layuka da biro tsaye da kwance yadda masu zane ke yi in za su girmama abu, ya fitar da ita da gawayi a kan yadi mai tsawon mutum biyu. Cif ya sauko ya duba. Ya koyi Hausarsa a wuraren kwangila a Jos da Kano, kuma ba ya raba mace da namiji.

"Luka, wannan mace me ya same shi a wuya?"

"Oga, haka suke... haka muke ɗaukar kaya. A kafaɗa."

"Kamar lebura da buhun siminti? A'a. Ni na yi yawo, na ga kalanda na kamfani da yawa. Mace na Afirka a kai yake ɗaukar kaya. Jakadu za su zo gidan nan, za su ce mai zane bai iya ba. Ɗora masa a kai."

"An gama, Oga."

"Kuma ya yi dariya. Gwamnati ya zo, me ya sa yake fushi?"

Nan Lukmanu ya tuna da matsalarsa ta haƙora. "Oga, wannan kam al'ada ce. Matanmu ba sa buɗe haƙori a gaban manya."

Cif ya jinjina kai. "To, a bar al'ada. Ni ina girmama al'ada."

Kada wani ya ce Lukmanu bai sani ba. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Masaka ya ga matan Gbagyi da itace da doya a kafaɗa, kuma in ya tambaya za a gaya masa dalili. A wurinsu kai ya riga ya ɗauki tunanin mutum da nauyin rayuwarsa, ba a ƙara masa kaya. Lukmanu a hannunsu yake sayen doya duk ranar kasuwa. Ya sani sarai. Lissafinsa shi ne mutanen ƙauye in suka ga shinkafa da kaji da sanyin na'ura, ba za su ɗaga kai su kalli bango ba. Ya ɗauki almakashi ya raba ƙwaryar da kafaɗar a guntun jaridar, ya ɗora ta a kan tsohuwar ya ga yadda za ta zauna, ya zana.

Juma'a uku suka wuce. Rumfar Lukmanu a kulle, Ista na matsowa, farin yadin Enoch na jingine. Wata rana Enoch ya dawo daga rubuta sunan wani coci ya tarar an turo littafin ta ƙarƙashin ƙofa. Ya buɗe shafin ƙarshe. Mai hular kwano na nan yana nuni, a bayan hannunsa kuma rami, ana hango takardar siminti.

Ya zauna a bakin rumfa har Lukmanu ya bayyana da sabon takalmi.

"Ina uwata?"

"Wayyo maƙwabci, ni ma abin ya dame ni, shi ya sa na kasa haɗa ido da kai. Gara ce. Ɗakin nan nawa gara ta gama da shi."

"Gara."

"Wallahi."

"Garar ta bar mai hula, ta bar taswira, ta zagaye mace ɗaya a miƙe kamar tela?"

"Ka san man gyaɗan nan da ke jiki, shi ya jawo ta."

Enoch ba mai faɗa ba ne. Ya kalle shi, ya shiga rumfa, ya ja ƙofa. Kwana biyu bai taɓa buroshi ba. Ya gwada zana ta da ka, sau huɗu, kowanne ya fito mace ce kawai, ba ita ba. Ranar Asabar da safe ya hau mota zuwa Sheda don ya gaya wa dangi.

Ya tarar da farar bas a ƙofar gidan mai unguwa, Cif ya aiko ta ta kwashi mutane zuwa bikin buɗe gidansa. Yamusa ƙanin Shekwonya ne, kawun su Enoch, tsoho mai sanda, mai ƙarancin magana. Dattawa sun shiga gaba, matan zumunta na coci da Cif ya nema su zo su yi rawa sun cika baya da anko ɗinsu, Rosemary ce shugabarsu.

"Ina zanen?" ta tambaye shi ta taga.

"Yaya, akwai magana."

"Shigo ka faɗa a hanya. An ce abinci ƙarfe biyu."

A tsaye ya faɗa, yana riƙe da ƙarfen bas. Matan suka daina waƙa. Rosemary ta ce, "Ka ba wani aron uwarka." Yamusa ya juya yana kallon taga har suka shiga Maitama.

Masu gadi biyu suka buɗe ƙofa. Motoci sun cika harabar, direbobi na zaune a inuwa suna gardamar wace ta fi tsada. Yamusa ya sauko ya tsaya yana kallon wani faffaɗan dutse da aka bari a tsakiyar ciyawa aka kewaye da fitilu.

"A kan wannan muke shanya barkono," ya ce.

Mai gadi ya ce masa kada ya taka ciyawa.

A falo an zaunar da baƙin birni a kujeru masu laushi, an jera wa mutanen Sheda na roba a gefen ƙofa. Akwai Turawa uku, akwai masu hoton jarida da Cif ya ɗauko. Bangon gabas an rufe shi da koren labule. Cif ya tashi da babbar rigar da bai saba da ita ba, yana ta ɗaga hannun yana zamewa. Ya yi jawabi da Turanci, ya maimaita da Hausa. Ya ce shi ba baƙo ba ne, shi ɗan gida ne. Ya ce tun yana Legas yake mafarkin mutanen Gbagyi. Ya ce don haka bai ɗauko mai zane daga waje ba, ya nemo ɗansu na cikinsu, Luka, wanda ya zana kakarsa da hannunsa.

Lukmanu ya fito daga bayan labule da baƙin saƙi a kafaɗa, ya ɗaura shi ta ɓangaren da ba a ɗaurawa. Yana cikin rusunawa ya hango Enoch a kujerar roba. Ya nemi komawa bayan labulen, Cif ya riƙe masa hannu, ya ja igiya.

Baƙin birni suka tafa. Wata Baturiya ta dafa ƙirji. Ga Shekwonya a tsaye, tsawon mutum biyu, a bayanta rana na fitowa bisa dogayen gine-gine, a kanta ƙwarya cike da doya har da gammo.

Ɓangaren kujerun roba babu wanda ya motsa. Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu. A cikin shirun Rosemary ta ce, da muryar da take ba da waƙa a coci:

"Enoch, ga garar da ta ci Mama. Har ta sa saƙi."

Yamusa ya miƙe da sandarsa ya tako tsakiyar falo. Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya yafito Lukmanu, ya yi masa magana da Gbagyi.

"Amin, Baba," in ji Lukmanu.

"Ba addu'a na yi maka ba," Yamusa ya ce da Hausa. "Sunan kakarka na tambaye ka."

"Sunanta... mu dai Mama muke ce mata."

"Mu ma haka," in ji Rosemary, ta taso tana gyara ɗaurin zane. "Yara biyu ne suka rayu mata, ni da wancan mai ba da aro. To wa ya haife ka a cikinmu? Enoch, kai ne? Don ni da na haifi ƙato irin wannan da na tuna."

Matan zumunta suka fashe da dariya. Direbobi suka leƙo ta taga. Turawan suka tambayi na kusa da su abin da ake cewa, aka gaya musu wasan gargajiya ne, sai suka sake tafawa.

Cif ya matso yana murmushin dole. "Baba, akwai matsala? In kala ne bai yi ba, za a gyara."

"Wannan yayata ce," in ji Yamusa. "A nan inda ka sa kujerun nan gonarta take. Shekara hamsin tana ɗaukar doya daga nan zuwa kasuwa, kanta bai taɓa sanin nauyin ko ƙwaya ɗaya ba. An ce ta tashi, ta tashi. Ta mutu a inda aka kai ta. Yau ka dawo da ita gonarta ka ɗora mata kaya a ka, ka kira mu mu yi rawa."

"Ni ban sani ba! Luka ne ya ce..."

"Oga, kai ka ce in ɗora," in ji Lukmanu.

"Rufe baki! Kai ba Gbagyi ba ne?"

"Oga, a Masaka nake zaune da su. Kusan ɗaya ne."

Enoch bai ji rabin wannan ba. Ya ratso ta tsakanin kujeru ya tsaya gaban Lukmanu. Bai ɗaga murya ba.

"Ba ni takardar."

Lukmanu ya lalubi aljihun dama, ya lalubi na hagu, alhali ya san babu komai. "Maƙwabci, ka yi haƙuri. Ta faɗa gwangwanin kananzir da nake wanke buroshi. Da na ciro ta, ta zama baƙa gaba ɗaya. Na zubar."

"Yaushe?"

"Sati biyu ke nan. An ƙone sharar."

Enoch ya juya ya ɗaga kai. Sai yanzu ya kalli zanen da idon mai sana'a. Gine-ginen ƙarya ne, ranar ƙarya ce, gammon ƙarya ne, hannun da ke tallafe da ƙwaryar ma na wata mata ne daga littafinsa na hannuwa, ya gane shi. Amma daga goshi zuwa haɓa ita ce. Ga tabon da ke gefen girarta, ga yadda take tsuke baki in an tare mata hanya. Ɓarawon ya kwaikwaye ta layi bayan layi, kuma rashin iya haƙora ya hana shi taɓa bakin. Fuskar Shekwonya ba ta rage a ko'ina ba sai a bangon Cif Albert.

Ya sa hannu a aljihun riga ya fito da rezarsa a naɗe cikin takarda. Ya kalli kawunsa.

"Ɗanta zai ɗauki fuskar uwarsa," Yamusa ya gaya wa Cif.

Cif ya kalli zanen, ya kalli Turawa, ya tuna da dutsen da ke bayan ƙauye. "Ya ɗauka duka! Kyauta! Zan sa mota ya kai."

"Duka ba nata ba ne," in ji Enoch.

Ya jawo kujera mai laushi, bai cire takalmi ba, ya hau. Bai kai ba. Rosemary da wata mata suka ɗauko teburin gilashi da aka jera lemo a kai, suka sauke lemon a ƙasa, suka ɗora kujerar a bisa suka riƙe masa. Ya fara yanka daga ƙarƙashin gammo, a hankali, yadda yake yanke hoto daga jarida, ya zagayo ta bayan kunne, ya sauko wuya, ya koma. Masu hoton jarida suka yi ta ɗauka, Cif yana ɗaga musu hannu su bari, su kuma suna ɗaukarsa yana ɗaga hannun. Enoch ya naɗe fuskar, fentin a waje don kada ya tsage, ya sauko. A bango aka bar ƙwaryar doya a kan rami.

"To yanzu a ci abinci," in ji Cif. "Mata su yi rawa. An yanka kaji tamanin."

Yamusa ya nufi ƙofa. Dattawa suka bi shi, matan zumunta suka bi dattawa. Cif ya biyo su har harabar, rigar na jan ƙasa.

"Baba, maganar dutse fa?"

"Yana nan inda yake," in ji Yamusa. "A bar shi a nan."

Cif ya hana direban bas ɗaukarsu. Suka taka da ƙafa har babban titi a cikin rana, Rosemary ta karɓi naɗin daga hannun ƙaninta ta ce shi ba a ba shi riƙon abu.

Kwana takwas ya rage Ista. Enoch ya ɗinke fuskar a tsakiyar farin yadinsa da ƙananan ɗinki, ya zana wuya da kafaɗa da ƙwarya a inda take, da hannunta na gaske, wanda wannan kam ya tuna shi. In mutum ya matsa kusa yana ganin ɗinkin. Rosemary ta tsaya a gabansa a coci ta daɗe, sannan ta ce kafaɗar ta yi faɗi kaɗan, amma a bar ta.

Lukmanu kuwa, tun ranar Litinin Cif ya sa aka kama shi. A kotu an karanta cewa ya yaudari wani babban ɗan kasuwa da sunan ƙarya da asalin ƙarya, ya jawo masa kunya a gaban baƙi. Ba a kira Enoch shaida ba, ba a ambaci sunan Shekwonya ba, ba a yi maganar guntun jarida ba. An ɗaure shi wata shida ba zaɓin tara, aka ba mai faci rumfarsa.